Albert Howard: Baturen da ya je koyar da manoman Indiya, ya ƙare da bin birane bashin taki

Kowace safiya a birnin Indore da ke tsakiyar ƙasar Indiya, motocin kwasar shara na bin unguwanni gida-gida, kuma ba sa karɓar sharar da aka cakuɗa. Ragowar abinci da ɓawon kayan miya suna da ɓangarensu a jikin motar, leda da kwalba da takarda suna da nasu. A watan Fabrairun 2022 aka buɗe wata masana'anta a gefen birnin, wadda aka gina domin ta riƙa cinye tan 550 na jiƙaƙƙiyar shara a kullum, tana fitar da iskar gas da kuma taki. Tun daga 2017 birnin ya yi ta zuwa na ɗaya, shekara bayan shekara, a gasar tsaftar birane ta gwamnatin Indiya.

Wannan tsari aikin hukumar birnin ne da ma'aikatanta da mazaunansa. Sai dai sunan Indore ya riga ya shiga littattafan noma na duniya tun kusan shekara ɗari da suka wuce, saboda wasu ramuka da aka haƙa a wata gonar gwaji da ke birnin. A cikinsu ne wani jami'in mulkin mallaka mai suna Albert Howard, tare da matarsa da abokan aikinsa Indiyawa, suka tsara hanyar mayar da kara da kashin shanu da toka su zama taki cikin wata uku. Daga ramukan ya ɗauki hujjar da ya shafe sauran rayuwarsa yana karewa: duk abin da aka ɗebo daga gona aka kai gari bashi ne, kuma al'ummar da ke ƙona shararta ko tura ta cikin kogi tana cin jarin jikokinta.

Ɗan manomi a ɗakin gwaji

An haifi Albert Howard ranar 8 ga Disamban 1873 a garin Bishop's Castle da ke gundumar Shropshire ta Ingila, kusa da iyakar Wales. Mahaifinsa manomi ne, a gonar da shuka da dabba ke ciyar da juna. Ya yi karatun kimiyya a Landan, sannan ya wuce Jami'ar Cambridge, inda ya karanci kimiyyar halittu ya kuma samu difloma a fannin noma.

A 1899 aka tura shi tsibirin Barbados da ke yankin Karebiyan, a matsayin masanin cututtukan da funfuna ke jawo wa tsirrai kuma malamin noma. Aikinsa shi ne ya binciki cututtukan rake da koko, ya rubuta rahoto, ya ba masu gandaye shawara. A can ne ya lura da wani giɓi da ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. Yana ba mutane shawarar da shi kansa bai taɓa gwadawa a gona ba, domin ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasar da zai shuka wani abu. Idan shawarar ta ɓaci, mai gona ne zai kwana da asara, shi kuwa masani albashinsa na nan.

Ya koma Ingila ya yi aiki a kwalejin noma ta Wye daga 1903 zuwa 1905. Daga nan aka naɗa shi babban masanin tsirran amfani na gwamnatin Birtaniya a Indiya, muƙamin da ya riƙe har 1924.

Pusa: ɗalibi a rigar malami

Indiyar da Howard ya tarar tana fitowa ne daga yunwa biyu masu tsanani, ta 1896 zuwa 1897 da ta 1899 zuwa 1900, waɗanda suka kashe miliyoyin mutane a ƙarƙashin mulkin Turawa. Gwamnatin Lord Curzon ta kafa cibiyar binciken noma a Pusa da ke Bihar a 1905, da taimakon fam 30,000 da wani attajirin Amurka, Henry Phipps, ya bayar. Manufar ta haɗa abu biyu: rage yunwa, da kuma inganta amfanin da kasuwannin Birtaniya ke buƙata, irin su alkama da auduga da baba.

Howard ya nemi a ba shi gona tasa, aka ware masa eka 75. Da ya zagaya gonakin da ke kewaye da cibiyar, sai ya ga abin da bai yi tsammani ba. Manoman yankin ba su san feshin maganin ƙwari ba, ba su da takin kanti, amma amfanin gonarsu bai cika kamuwa da cuta ba. Sai ya yanke shawarar ya fara noma irin nasu, ya kalli yadda suke sarrafa ruwa, da yadda suke cakuɗa hatsi da dangin wake a gona ɗaya, da lokacin da suke huɗa. Ƙwari da cututtuka kuma ya ɗauke su a matsayin masu kawo rahoto: idan sun afka wa shuka, to akwai kuskure a irin da aka zaɓa ko a yanayin ƙasar. Daga baya ya rubuta cewa cikin shekara biyar ya iya noman da kusan babu cuta ba tare da feshi ba.

Aikin da ya fara fito da sunansa shi ne na alkama. An tantance ire-iren alkamar Indiya ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da sababbin iri, waɗanda suka fi shahara su ne Pusa 4 da Pusa 12. Sun bazu a arewacin Indiya, har aka kai su wasu ƙasashe. Ya kuma yi aiki a kan taba da baba da 'ya'yan itatuwa, ciki har da gonar gwaji a Quetta da ke Balochistan, yankin da yanzu ke cikin Pakistan. A duk waɗannan wurare darasi ɗaya ya riƙa maimaita kansa: saiwa na buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma ƙasar da ta daskare ko ta sha ruwa ta ƙoshi ba ta haifar da lafiyayyar shuka.

Wannan bincike bai gudana a sarari marar siyasa ba. Babar da Howard ke neman maganin cutarta ita ce shukar da Turawa masu gandaye ke tilasta wa manoman arewacin Bihar su ware mata kashi uku cikin ashirin na gonakinsu. A 1917 Mahatma Gandhi ya jagoranci gwagwarmayar Champaran a kan wannan zalunci, a yankin da ba shi da nisa da Pusa. Howard ya girmama basirar manomin Indiya, amma albashinsa na fitowa ne daga gwamnatin da ke tatsar wannan manomi.

Aikin mutum biyu

Labarin da aka saba bayarwa yakan ambaci sunan Albert shi kaɗai, alhali kuwa rabin aikin na matarsa ne. Gabrielle Matthaei, wadda ya aura a 1905, masaniyar tsirrai ce da ta yi karatu a Kwalejin Newnham ta Cambridge, a zamanin da jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri. Sai a 1948 aka fara ba su. Tun kafin auren ta yi suna da gwaje-gwajenta a kan yadda zafi ke shafar yadda ganye ke sarrafa hasken rana ya zama abinci.

A Pusa ta fara aiki tare da mijinta ba tare da muƙami ba, sai a 1913 aka naɗa ta masaniyar tsirran amfani ta biyu. Littafinsu a kan alkamar Indiya na 1909 yana ɗauke da sunayensu biyu, haka ma yawancin rahotannin da suka biyo baya. Ita ta fi riƙe ɓangaren tantance iri da gadon halitta, shi kuma ya fi karkata ga ƙasa da huɗa.

Su biyun sun gaji da tsarin Pusa. An rarraba cibiyar zuwa sassa, mai ƙwari daban, mai cuta daban, mai sinadarai daban, kowa na tsaron iyakarsa. Masanin tsirrai ba shi da hurumin taɓa batun taki, domin wannan gonar wani ce. Su kuwa suna ganin shuka da ƙasa da dabba da manomi abu ɗaya ne da ba ya rabuwa. Suka shafe shekaru suna neman kuɗi da fili domin su kafa cibiya tasu.

Ramukan Indore

A 1924 burin ya cika. Masarautar Indore ta ba da eka 300, kwamitin auduga na Indiya da wasu masarautun yankin suka sa kuɗi, aka kafa Cibiyar Masana'antar Tsirrai, Howard na shugabanta. Masu zuba kuɗin auduga suke so, mai yawa kuma mai kyau. Shi kuma ya ga cewa ingantaccen iri ba zai yi wani abin kirki a ƙasar da ta gaji ba.

Matsalar ita ce taki bai isa ba. Mafi yawan kashin shanu a ƙauyukan Indiya ana busar da shi ne a yi girki, saboda ƙarancin itace. Takin kanti kuwa ya fi ƙarfin aljihun talaka. Abin da ke akwai a yalwace shi ne kara da ciyawa da ganye da ƙaiƙayi, waɗanda ake ƙonawa ko a bari su lalace, da kuma fitsarin dabbobi da ke tsiyayewa a banza. Howard ya karanta littafin Ba'amurke F. H. King na 1911 a kan manoman Sin da Koriya da Japan, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna noma ƙasa ɗaya ta hanyar mayar mata da duk wani abin da ke ruɓewa. Ya so ya mayar da wannan al'ada tsari mai awo da lokaci, wanda kowa zai iya maimaitawa.

Tare da wani masanin sinadarai Ba'indiye, Yeshwant Wad, suka tsara hanyar. Kara mai tauri, irin na auduga, ana shimfiɗa shi a hanyar amalanke domin ƙafafun su farfasa shi. Ana haɗa shi da sauran tarkacen gona a shimfiɗa wa shanu su kwana a kai, ya sha fitsari. Ƙasar turken ma ana kankare ta lokaci-lokaci a daka, domin ta jiƙe da sinadarin naitirojin. Sai a jera komai hawa-hawa a rami mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 14, wanda zurfinsa bai kai ƙugun mutum ba, a yayyafa ruwan kashin shanu da toka. Tokar na kashe tsamin da ruɓa ke haifarwa. Ana jiƙa tarin ba tare da an cika shi da ruwa ba, ana juya shi sau uku domin iska ta ratsa. Funfuna ce ke fara aiki, ƙwayoyin bakteriya su ƙarasa. Bayan kimanin kwana 90 sai a samu baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka.

Akwai dalilin da ya sa ake yin wannan aiki a wajen gona. Idan aka binne ɗanyen kara kai tsaye, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan janye naitirojin ɗin da ke ƙasa, su bar shuka da yunwa har ta yi ɗorawa. Rami na ba su damar gama aikinsu kafin taki ya isa ga saiwa.

Gabrielle ba ta ga fitowar littafin da ya bayyana wannan hanya ba. Ta rasu a birnin Genoa na Italiya a 1930. A 1931 Howard da Wad suka wallafa The Waste Products of Agriculture, wato tarkacen noma da yadda za a amfana da shi, kuma a shekarar ya ajiye aiki ya koma Ingila. A shekarar ne kuma ya auri ƙanwar marigayiyar, Louise Matthaei, wadda ta shugabanci sashen noma na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Geneva. Ita ta zama abokiyar aikinsa a rubutu, kuma ita ta rubuta tarihin aikinsu na Indiya a 1953.

Daga turken shanu zuwa bolar gari

Matakin da ya biyo baya shi ne ya fi kusa da zuciyar hujjar Howard. Idan hatsi da kayan lambu na barin ƙauye su shiga birni, to sinadaran da suka tsotso daga ƙasa suna ƙarewa ne a bola da masai. Garuruwan Indiya na wancan zamani suna binne najasa a kwari a bayan gari, su tara shara ko su ƙona ta, abin da ke jawo ƙuda da wari da cuta. A farkon shekarun 1930, magajinsa a cibiyar, F. K. Jackson, tare da Wad suka gwada hanyar Indore a kan sharar gari da najasar bayan gida. Suka ga cewa zafin da tarin ke yi, wanda kan kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyas ko ya zarce, yana kashe ƙwan ƙuda da na tsutsar ciki idan an juya shi yadda ya kamata. Abin da hukuma ke kashe kuɗi ta rabu da shi ya zama abin sayarwa.

Hanyar ta bazu cikin sauri. Gandayen kofi a Kenya da na shayi a Indiya da Sri Lanka suka ɗauke ta. A Afirka ta Kudu, wani jami'in gona mai suna J. P. J. van Vuren ya fara sarrafa sharar garin Ficksburg, wasu garuruwa suka bi sahu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da takin waje ya yi wuya. A 1939 wani masani Ba'indiye, C. N. Acharya, ya fito da hanyar Bangalore, wadda ba ta buƙatar yawan juyawa, kuma ta fi sauƙi ga hukumomin gari.

Sauƙin juyawa ba ƙaramin batu ba ne. A Indiya, kwasar najasa da hannu aiki ne da tsarin bambancin jinsi ya ɗora wa mutanen da aka mayar ƙasƙantattu, gado daga iyaye zuwa 'ya'ya. Rahotannin da suka yabi arhar takin gari sun gina lissafinsu a kan arhar guminsu. Sai a 1993 Indiya ta yi dokar hana wannan aiki, ta sake ƙarfafa ta a 2013, kuma har yanzu ana samun rahoton ma'aikatan da ke mutuwa a cikin magudanan najasa.

A Ingila, Howard ya juya kan ƙasarsa. Tun bayan warin da ya addabi Landan a 1858, birnin ya gina manyan magudanan da ke kwashe najasa zuwa ƙasan Kogin Thames. Wannan ya ceci rayuka daga kwalara, amma ya tura dukiyar ƙasa cikin ruwa, a daidai ƙarnin da Birtaniya ke sayo kashin tsuntsaye daga Peru da ƙasusuwa daga Turai domin takin gonakinta. Howard ya nemi a tace najasar birane a mayar da ita gona, ya kuma nuna cewa tsofaffin jujin bayan gari, inda shara ta shekara tana ruɓewa, ma'adinan taki ne da aka yi watsi da su.

Rigima da masana

Gwamnati ta karrama shi da lambar Sir a 1934, amma manyan cibiyoyin binciken noma ba su karɓe shi ba. Tun 1840 da masanin Jamus Justus von Liebig ya wallafa littafinsa a kan sinadaran abincin shuka, kimiyyar noma ta karkata ga abu uku: naitirojin da fosfaros da fotashiyam, waɗanda manomi ya sani a yau da NPK a jikin buhu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana'antun da aka gina domin samar da naitirojin na albarusai suka koma neman kasuwa a gona. Howard ya zargi masana da kamfanoni da mayar da ƙasa matacciyar tukunya da ake zuba wa gishiri uku, alhali ita gida ce ta tana da funfuna da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Abin mamaki shi ne Liebig ɗin da ya ɗora wa laifi shi ma ya yi ta gargaɗin cewa Landan na zubar da albarkar gonakinta a kogi.

Ya kai wannan ra'ayi gaban ɗalibai da malaman noma na Cambridge a 1935, ya fito ba tare da goyon bayan malaman ba. Ya soki tsohon gwajin alkama na Rothamsted, wanda ke gudana tun 1843, yana cewa ƙananan filayen gwaji da irin da ake kawowa daga waje ba su wakiltar gonar gaske. Masu gwajin kuma suka nuna alƙalumansu: filayen da ke samun takin kanti suna ba da amfani kwatankwacin na masu samun kashin shanu.

A 1940 ya wallafa An Agricultural Testament, wasiyyarsa ga noma, a 1945 kuma ya fitar da littafin da aka fi sani da The Soil and Health. A nan ya faɗaɗa da'awarsa: lafiyar ƙasa da ta shuka da ta dabba da ta mutum sarƙa ɗaya ce. Ya ba da labarin shanun aikinsa na Pusa, waɗanda ya ce sun sha goga hanci da shanun maƙwabta masu cutar baki da kofato amma ba su kamu ba, saboda kyakkyawan abinci.

Littattafan sun haifi ƙungiyoyi. A Amurka, J. I. Rodale ya fara mujallar noma ba takin kanti a 1942, Howard na cikin editocinta. A Birtaniya, Lady Eve Balfour da abokanta suka kafa ƙungiyar Soil Association a 1946, ko da yake shi Howard bai shiga ba saboda saɓani a kan yadda za a gudanar da bincikenta. Tafiyar ta kuma jawo mutane masu wata manufa daban. Editan mujallar ƙungiyar na farkon shekarunta, Jorian Jenks, tsohon jigo ne a jam'iyyar 'yan fasist ta Birtaniya.

Inda ya yi gaskiya, inda ya zarce

Lokaci ya raba da'awoyin Howard gida biyu. A kan rayuwar da ke cikin ƙasa, kimiyya ta matso kusa da shi. Ruɓaɓɓen taki na sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta ƙi zaizaya, ta riƙe abincin shuka kada ruwa ya wanke shi. Gwajin Rothamsted ɗin da ya soka ya nuna cewa filayen kashin shanu sun ninka na takin kanti wajen tara wannan ruɓi. Dangantakar saiwa da funfunar da ke taimaka mata tsotso fosfaros, wadda ya dage a kanta, yau babban fanni ne na bincike.

A wasu wuraren kuwa ya zarce abin da hujjarsa za ta iya ɗauka. Labarin shanunsa abin da ya gani ne, ba gwaji mai ma'auni ba, kuma rigakafi ne ke tsare garke daga cutar baki da kofato. Ƙin takin kanti baki ɗaya shi ma bai tsaya ba. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya na cin abincin da ya dogara da naitirojin na masana'anta. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta Sri Lanka ta haramta shigo da takin zamani dare ɗaya, ba tare da tanadin madadinsa ba. Noman shinkafa ya faɗi, aka janye dokar kafin ƙarshen shekarar, kuma fushin manoma na cikin abubuwan da suka taru suka kori shugaban daga mulki a Yulin 2022. Wasu masana tarihi ma na ganin labarin cewa komai daga manoman Indiya ya koya an ƙawata shi daga baya, domin hanyar Indore ta ɗauki abubuwa da yawa daga ɗakin gwaji da kuma rubuce-rubuce a kan Sin.

Albert Howard ya rasu a Landan ranar 20 ga Oktoban 1947, wata biyu bayan Indiya ta samu 'yancin kai. Yana da shekara 73.

Bashin da har yanzu ake bi

Manoman karkarar Kano ba su jira littafinsa ba. Tun da daɗewa, da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara, su fito da mangaloli cike da takin juji da toka da kashin awaki. Wannan musaya na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kewayen birnin kowace damina ba tare da hutu ba, kamar yadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nuna a binciken da ya fara tun shekarun 1960. A Samaru ta Zariya kuma, gwajin da aka fara a 1950 ya nuna cewa takin naitirojin shi kaɗai na sa ƙasa tsami idan aka daɗe ana zuba shi, yayin da haɗa shi da kashin shanu ke riƙe albarkarta. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 buhu suka sa a gaba, suka yi alƙawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayun 2024, an ƙara lafiyar ƙasa a cikin sunan taron.

Abin da ya canja tun zamanin Howard shi ne ita kanta sharar. Tarin da ya juya a Indore babu leda a ciki, babu mataccen batir, babu fasasshiyar kwalba ko allurar asibiti. Manomin da ya biya tifa ta sauke masa sharar birni a yau sai ya tsince waɗannan da hannunsa kafin ya watsa, abin da ya kuɓuce masa kuma ya shiga ƙasa ko cikin akuya. Ragowar kuma tana toshe kwata har ruwan Agusta ya shiga gidaje, ko a banka mata wuta hayaƙin ya bi unguwa.

Indore ta magance wannan ne tun daga ƙofar gida, inda ake raba mai ruɓewa da marar ruɓewa kafin su haɗu. Hakan na buƙatar motar da ke zuwa a kan lokaci, da ma'aikaci mai albashi da safar hannu, da fili a bayan gari da ba a yanka an sayar ba. Duk waɗannan suna rubuce a kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, da kuma takardun kwangilar kwasar shara, waɗanda ke nuna nawa aka biya, wa aka biya, da inda aka ce motar ta juye kayanta.